Soja a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Amurka: Tarihin Ra'ayin Masu Karatu, 1983–2021

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 2006 aka buga wani ƙagaggen labari a Amurka mai suna Dear John, wanda Nicholas Sparks ya rubuta. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, amma kuma ya raba kan masu karatu gida biyu. Kashi ɗaya sun yaba masa saboda ya nuna irin asarar da yaƙi kan jawo wa saurayi da budurwa. Ɗaya kashin kuwa sun ji kamar an yaudare su ne, domin sun sayi littafin soyayya, sai ga shi an rufe labari ba a haɗa masoyan ba. Duk wanda ya bi sharhin da masu karatu suka yi ta rubutawa game da littafin zai tarar da wannan saɓani a fili.

Manazarcin adabi yana iya ɗaukar irin wannan ra'ayi a matsayin surutun kasuwa, ya wuce. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ra'ayin yana da tarihi, kuma tarihin nasa a ɗaure yake da yaƙe-yaƙen da Amurka ta yi. Mai karanta labarin soyayyar soja yana neman abu biyu ga marubuci a lokaci guda. Na farko, a gaya masa gaskiyar rayuwar soja. Na biyu, a tabbatar masa cewa masoyan za su haɗu su zauna lafiya. Muddin ƙasa tana cikin zaman lafiya, waɗannan bukatu biyu ba su cika karo da juna ba. Amma da zarar an fara dawowa da gawarwaki da guragu daga fagen daga, sai biyan ɗaya ya zama tauye ɗaya. Za a bi wannan ja-in-ja tun daga 1983, lokacin da wannan reshe na adabi ya fara tsayawa da ƙafarsa, har zuwa 2021, lokacin da sojojin Amurka suka fice daga Afganistan.

2.0 Mai Karatu a Matsayin Abin Nazari

Ba tun fil azal manazarta suke kula da mai karatu ba. An daɗe ana ganin cewa aikin nazari ya ƙare a kan marubuci da matanin da ya rubuta, watau jigo da zubi da salo. A 1967 ne Hans Robert Jauss ya gabatar da wata lacca a Jami'ar Konstanz ta Jamus, inda ya kawo hujjar cewa kowane mai karatu yakan zo wa littafi da wani tsammani da ya gada daga abin da ya karanta a baya, kuma ba a rubuta tarihin adabi daidai sai an bi yadda wannan tsammani yake sauyawa. Stanley Fish ya ƙara a kan haka a 1980, ya ce masu karatu jama'a-jama'a ne, kowace jama'a da ma'aunin da take auna littafi da shi.

Wadda ta ɗauki wannan ra'i ta kai shi ga labaran soyayya ita ce Janice Radway, a littafinta Reading the Romance na 1984. Ta je wani gari a tsakiyar Amurka, wanda ta sakaya sunansa, ta yi hira da wata mai sayar da littattafai da matan da suke sayayya a wurinta, ta kuma karɓi amsoshin tambayoyi daga mata 42, akasarinsu matan aure masu 'ya'ya. Abu biyu daga cikin sakamakon binciken nata sun shafi wannan maƙala. Na farko, matan sun ɗauki karatun a matsayin ɗan lokacin da suka keɓe wa kansu bayan sun wuni suna hidimar miji da yara. Na biyu, da aka tambaye su abin da ya fi muhimmanci a labari, daɗin ƙarshe suka sa a gaba, kuma suka lissafa baƙin ƙarshe cikin abubuwan da bai kamata a sa a littafin soyayya ba.

Wannan sharaɗi ya zama doka a wurin masu sana'ar. Ƙungiyar Marubuta Labaran Soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta bayyana cewa labari ba ya shiga wannan rukuni sai ya cika sharaɗi biyu: soyayya ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, kuma a ƙare da abin da zai faranta ran mai karatu ya sa masa kyakkyawan fata. Pamela Regis, a littafinta na 2003 game da tarihin wannan nau'i, ta fitar da rukunai takwas da ba a rasa su a irin wannan labari. Daga ciki akwai shingen da ke hana masoyan haɗuwa, da kuma wani mataki da labari yakan kai inda ake fid da rai gaba ɗaya kafin a sami mafita. To, a nan ne amfanin soja yake ga marubuci. Aikin soja shinge ne da ba sai an ƙago shi ba: ga nisa, ga umarnin da ba a musu, ga sirrin aiki, ga mutuwa tana shawagi. Sai dai kuma shinge ne na gaske, wanda yake raba masoya na gaske, kuma mai karatu ya san da haka.

3.0 Kafin 1983

Kamfanin Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, shi ne ya fi kowa raya labaran soyayya masu araha a ƙasashen da ke jin Ingilishi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu littattafansa sun ƙunshi taurari masu kaki, domin a lokacin kusan kowane gida a Ingila yana da ɗa ko miji a bakin daga. Kamfanin Harlequin na Kanada, wanda aka kafa a 1949, ya fara sake buga littattafan Mills & Boon don kasuwar Amurka ta Arewa tun a ƙarshen shekarun 1950, daga bisani ya saye kamfanin baki ɗaya a 1971. Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 kusan duk marubutan da yake bugawa 'yan Ingila ne ko na ƙasashen da ta raina, kuma tauraron da aka saba gani attajiri ne, ko likita, ko mai gandu, ko wani basarake na Turai.

Rashin sojan Amurka a waɗannan littattafai yana da wani dalili bayan wannan. Yaƙin Biyetnam ya ci rayukan sojojin Amurka fiye da 58,000, ya kuma raba kan ƙasar. Sojan da ya dawo daga can ba a tarbe shi da kiɗa ba. A fina-finai da jaridu na shekarun 1970 an fi nuna shi a matsayin mutumin da yaƙi ya lalata. Mace mai neman ɗan abin da zai sanyaya mata rai da dare ba za ta nemi irin wannan tauraro ba.

Abubuwa uku suka sauya wannan yanayi. A 1973 aka daina ɗibar samari aikin soja da tilas, aikin ya koma na wanda ya kai kansa. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da ciwon firgita a matsayin cuta mai suna, watau larurar da kan kama wanda ya ga tashin hankali, ya riƙa mafarkin abin, yana zabura da ƙaramar ƙara, yana gudun mutane. A watan Nuwamba na 1982 kuma aka buɗe katangar tunawa da mamatan Biyetnam a Washinton. Da waɗannan, jama'a suka fara raba soja da yaƙin da aka tura shi: ana iya ƙin yaƙin, a tausaya wa sojan.

4.0 Dawowar Soja, 1983–2001

A 1980 kamfanin Simon & Schuster ya buɗe wani reshe mai suna Silhouette, wanda ya buɗe ƙofa ga marubutan Amurka da labaran da ke faruwa a Amurka. Ko da yake Harlequin ya saye shi a 1984, sunan ya ci gaba. A ƙarƙashin Silhouette ne Lindsay McKenna ta fitar da Captive of Fate a 1983, littafin da ake yawan danganta farkon wannan reshe na adabi da shi. Marubuciyar ta yi aikin duba yanayi a rundunar mayaƙan ruwa a shekarun 1960, saboda haka ta san bariki daga ciki. Bayanta wasu matan da suka sa kaki sun shigo, kamar Merline Lovelace, wadda ta yi shekara 23 a rundunar mayaƙan sama ta kai muƙamin kanar. Fina-finai ma sun taimaka wajen gyara sunan soja, musamman An Officer and a Gentleman na 1982 da Top Gun na 1986.

Wadda ta ɗaga wannan reshe ya kai ƙololuwa ita ce Suzanne Brockmann. A 1996 ta fitar da Prince Joe, littafi na farko a jerin labaran da ta gina a kan rundunar SEAL, watau zaratan mayaƙan ruwa da aka kafa a 1962 zamanin Shugaba Kennedy. Zubin labarin ya isa ya nuna yanayin lokacin. An ɗauko wani hafsan SEAL, ɗan talakawa, aka sa shi ya yi shigar wani yarima na Turai da 'yan ta'adda suke nema, aka kuma haɗa shi da wata mace da za ta koya masa tafiya da magana irin ta 'ya'yan sarauta. Ke nan tsohon tauraron Mills & Boon, watau basarake, shi ne soja ya shiga rigarsa. Hatsarin da ke cikin labarin na ɗan lokaci ne, abokan gaba ƙagaggu ne, kuma soja yakan gama aikinsa cikin 'yan kwanaki ya dawo.

Ya kamata a lura da abin da ya sa wannan zubi ya karɓu. Tsakanin Yaƙin Tekun Fasha na 1991 da shekarar 2001 Amurka ba ta shiga wani dogon yaƙi ba. Sojan rundunar musamman yakan tafi aiki na sirri na gajeren lokaci, saboda haka marubuci yana iya ba shi jaruntaka ba tare da ya raba shi da masoyiyarsa shekara guda ba. Har wa yau, rundunar ƙungiya ce ta abokai, kowane littafi a aurar da ɗaya, mai karatu ya zauna jiran na gaba. A wannan zamani bukatun nan biyu na mai karatu sun tafi kafaɗa da kafaɗa. Abin da ake kira gaskiya a lokacin bai wuce a kira makami da sunansa ba, a jera muƙamai daidai, a bayyana wahalar horo.

Duk da haka, Brockmann ta fara taɓa rauni tun da wuri. A Frisco's Kid na 1997 tauraron soja ne da gwiwarsa ta lalace har ba zai iya komawa aiki ba. A The Unsung Hero na 2000 tauraron ya sami rauni a ka, ya koma garinsu hutu, ya hangi wani ɗan ta'adda, amma shi kansa yana shakkar ko idonsa ne ko ƙwaƙwalwarsa. A Over the Edge na 2001 kuwa an sace jirgin sama ne aka kai shi wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Kazbekistan. A shekarar da littafin ya fito ne aka sace jirage na gaske.

5.0 Bayan Satumba 2001: Rigimar Dear John

Harin 11 ga Satumba 2001 ya jefa Amurka cikin yaƙi biyu: na Afganistan daga Oktoba 2001, da na Iraƙi daga Maris 2003. Da yake babu ɗibar dole, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ne suke cikin kaki, kuma su ɗin ne aka yi ta mayarwa fagen fama sau biyu, sau uku, ko fiye. Wannan ya haifar da masu karatu iri biyu. Akwai mafi rinjaye, waɗanda ba su san soja ba sai a talabijin. Akwai kuma 'yan tsiraru, matan sojoji da iyayensu mata da matan da suke cikin kaki, waɗanda labarin yake magana a kan rayuwarsu.

A cikin wannan yanayi Dear John ya fito. Sunan littafin kansa ishara ce, domin tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu haka sojojin Amurka suke kiran wasiƙar da mace kan aiko wa soja ta ce ta sami wani. Tauraron, John Tyree, soja ne ɗan garin Wilmington a jihar Karolina ta Arewa. Ya zo hutu gida ya haɗu da wata ɗalibar jami'a, Savannah, suka yi alkawari cewa idan wa'adinsa ya cika zai dawo su yi aure. Ana dab da cikar wa'adin aka kai harin Satumba, sai ya sake sa hannu. Nisa ya yi nisa, wasiƙu suka ja baya, har wasiƙar rabuwa ta iso. Da ya dawo bayan rasuwar mahaifinsa, ya tarar ta auri wani abokinta na ƙuruciya, Tim, wanda ciwon daji ya kwantar. John ya sayar da tarin tsofaffin sulallan da mahaifinsa ya shekara yana tarawa, ya ba da kuɗin a ɓoye don a yi wa Tim magani. Tim ya sami sauƙi. Labarin ya rufe John yana hangen Savannah daga nesa, ya juya ya tafi.

Masu yabon littafin sun kafa hujja da cewa haka abin yake faruwa. Soja ya zaɓi ƙasa a kan mace, kuma zaɓi yana da farashi. Da an haɗa su a ƙarshe, da an yi wa dubban sojojin da suka karɓi irin wannan wasiƙa ƙarya. Masu suka kuwa ba su ce labarin ƙarya ne ba. Kukansu shi ne an saɓa alkawari. Idan aka tuna abin da Radway ta gano, za a fahimci zafin abin: mace ta keɓe sa'o'inta kaɗan don ta huta, ta ba da amanar zuciyarta ga marubuci bisa sharaɗin da kowa ya sani, sai aka sallame ta da hawaye. Shi Sparks ya sha bayyana cewa ba ya cikin marubutan wancan rukuni mai sharaɗin daɗin ƙarshe, labaran ƙauna yake rubutawa, waɗanda suke iya ƙarewa da rabuwa ko mutuwa. Amma mai saye a kanti bangon littafi yake gani, ba bayanin marubuci ba.

Hukuncin da ya fi kowane bayyana shi ne wanda masu shirya fim suka yanke. A watan Fabrairu na 2010 aka fitar da fim ɗin littafin, wanda Lasse Hallström ya ba da umarni. A makonsa na farko ya ture Avatar daga matsayi na ɗaya a gidajen silima na Amurka, bayan wancan ya yi mako bakwai a kai. A fim ɗin kuɗin John bai ceci Tim ba, 'yan watanni kawai ya ƙara masa. Tim ya mutu, kuma a fitowa ta ƙarshe John da Savannah suka sake haɗuwa suka rungumi juna. Watau don a biya bukatar daɗin ƙarshe, sai da aka kashe mutumin da littafin ya raya, aka kuma rage nauyin sadaukarwar da ita ce jigon littafin. Ba a cika samun misalin da ya nuna ƙarfin tsammanin jama'a a kan matani kamar wannan ba.

6.0 Soja Mai Rauni da Masu Karatu na Bariki

Marubutan da suka tsaya cikin rukunin ba su da damar da Sparks yake da ita. Dole su haɗa masoyan, kuma dole su fuskanci abin da jaridu suke bugawa. A watan Fabrairu na 2007 jaridar Washington Post ta tona irin sakacin da ake yi da sojoji masu jinya a asibitin soja na Walter Reed. A 2008 cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta cewa kimanin sojoji 300,000 daga cikin waɗanda suka dawo daga Iraƙi da Afganistan suna fama da ciwon firgita ko matsanancin baƙin ciki, watau kusan ɗaya cikin biyar. Mafitar da marubuta suka samu ita ce su ɗauke shingen daga fagen daga su dawo da shi gida. Labari ya daina zama na yadda soja zai tsira daga abokan gaba, ya koma na yadda zai iya zama da mace bayan abin da ya gani.

Misali mai kyau shi ne Because of You na Jessica Scott, wanda ya fito a 2011. Marubuciyar hafsa ce a rundunar sojan ƙasa, ta kuma yi aiki a Iraƙi. Tauraron saje ne da aka ji wa mummunan rauni a Iraƙi aka dawo da shi asibitin barikin Fort Hood a jihar Texas. Tauraruwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi fama da sankarar mama aka yi mata aiki. Kowannensu yana jin jikinsa ya tawaya, kowannensu yana ɓoye tabonsa. Daɗin ƙarshe a nan ya sauya ma'ana: ba a mayar wa kowa abin da ya rasa ba, an dai sami wanda zai zauna da shi a haka.

A daidai wannan lokaci kuma muryar mai karatu ta sami ƙarfin da ba ta taɓa samu ba. A da, ra'ayinsa yana tsayawa ne a wasiƙar da ya aika wa kamfani, ko a mujalla irin Romantic Times da aka kafa a 1981. A 2007 aka buɗe dandalin Goodreads, inda kowa yake iya ba littafi maki ya rubuta sharhi, kuma a ƙarshen shekarar kamfanin Amazon ya fitar da na'urar karatu ta Kindle, wadda ta ba marubuci damar buga littafinsa da kansa. Bayan da rundunar SEAL ta kashe Usama bin Ladan a watan Mayu na 2011, littattafai masu ɗauke da sunan rundunar a bango suka cika kasuwa, da yawansu daga hannun waɗanda ba su taɓa taka bariki ba.

A nan ne 'yan tsirarun nan suka zama alƙalai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙorafinsu iri biyu ne. Na farko na ƙananan kurakurai ne: an ba wa soja muƙamin da babu shi a rundunarsa, ko an bar shi ya bar aiki ya bi mace ba tare da izini ba, ko an haɗa hafsa da na ƙasa da shi soyayya ba a ambaci dokar da ta hana ba. Na biyu ya fi nauyi, shi ne a nuna cewa soyayya magani ce, soja ya kwana ɗaya da masoyiyarsa ya tashi ciwon firgita ya warke. Matar da take kwana da mai wannan ciwo ta san ba haka ba ne, kuma irin wannan labari yana ɗora mata laifi a fakaice, kamar dai da ta iya so da mijinta ya warke. Abin lura shi ne waɗannan masu karatu ba su nemi a soke daɗin ƙarshe ba. Su ne ma suka fi kowa bukatarsa. Abin da suka nema shi ne a biyo da shi ta hanyar da za su iya gaskatawa, a nuna likita, a nuna koma-baya, a nuna haƙuri.

Sauyin doka ma ya shiga cikin ma'aunin. A watan Janairu na 2013 aka ɗage dokar da ta hana mata shiga rundunonin gaba, kuma a Disamba 2015 aka sanar da buɗe musu dukkan ayyukan soja. Daga nan tsohon zubi na namiji mai ceto da mace mai jiran ceto ya ƙara fuskantar tambaya.

7.0 Abin da Ra'ayin Bai Cika Tambaya Ba

Akwai wani gefe na gaskiya da wannan ja-in-ja bai cika kaiwa gare shi ba. Idan mai karatu ya ce a faɗi gaskiyar yaƙi, galibi gaskiyar sojan Amurka da iyalinsa yake nufi. Amurka ta rasa sojoji kimanin 4,500 a Iraƙi da kimanin 2,400 a Afganistan, amma fararen hular da suka mutu a ƙasashen biyu sun ninka haka sau da yawa. A mafi yawan waɗannan labarai mutanen can ba su da suna. Ko dai su ne masu dasa nakiya a hanya, ko kuma yaron da mutuwarsa take hana tauraro barci, watau an mai da mutuwar tasa abin gina halin wani. Ƙago ƙasa irin Kazbekistan yana sauƙaƙa wannan, domin ƙasar da babu ita ba ta da tarihin da za a tambaya.

Manazarta sun taɓo wannan. Jayashree Kamblé ta keɓe babi guda ga yaƙi a littafinta na 2014 game da labaran soyayya, inda ta nuna cewa tauraro mayaƙi yana ɗauke da kishin ƙasa da kuma shakku game da abin da ƙasar take sa shi yi. Amira Jarmakani, a littafinta na 2015, ta duba dangantakar labaran soyayyar shaihunan Larabawa da yaƙi da ta'addanci. Abin da za a ƙara shi ne sharaɗin daɗin ƙarshe kansa yana da hannu a wannan shiru. Don labari ya ƙare da daɗi, dole tauraro ya cancanci daɗin, kuma ba zai cancanta ba idan aka zurfafa tambaya a kan halaccin yaƙin da ya yi. Rabewar nan da aka yi bayan Biyetnam, tsakanin soja da yaƙinsa, ita ce ta buɗe wa wannan adabi ƙofa, ita ce kuma ta shata masa iyaka.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ma'aunin mai karatu ya sauya cikin shekara 38. Daga 1983 zuwa 2001 gaskiya tana nufin sanin sunan makami da jerin muƙamai, kuma ba ta hana daɗin ƙarshe ba. Daga 2001 ta koma nufin rabuwa da rauni, har ta kai Dear John ya zaɓi gaskiya ya bar alkawari, fim ɗinsa kuma ya zaɓi alkawari ya rage gaskiya. Daga wajen 2007 masu karatu na bariki suka matsa wa marubuta su nemi hanya ta uku, inda ake haɗuwa amma ba a warke sarai ba. Da aka kammala ficewa daga Kabul a watan Agusta na 2021, sojan da ya fi yawa a waɗannan labarai ya riga ya zama tsohon soja mai neman yadda zai zauna a gida.

Wannan tarihi yana da abin da zai ce wa manazarcin adabin Hausa. Mayaƙi ba baƙo ba ne a zuben Hausa, tun daga Ganɗoki na Bello Kagara a 1934 har zuwa Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, wanda ya ɗauko abin da ya biyo bayan yaƙin basasa. Littattafan soyayya kuwa sun bunƙasa a Kano tun tsakiyar shekarun 1980, kuma muhawarar da aka yi a kansu a jaridu a shekarun 1990 ta fi gudana tsakanin malamai da marubuta. Tun daga 2009 arewa maso gabashin Nijeriya take cikin yaƙi, barikoki sun cika da matan da ke jira da waɗanda suka daina jira, kuma saurayi mai kaki ya zama sanannen tauraro a labaran da ake yaɗawa ta waya. Ya dace ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku su je wa waɗannan masu karatu da irin tambayoyin da Radway ta yi wa mata 42: me suke nema a labarin, wane ƙarshe suke karɓa, kuma wace ƙarya ce ba za su yafe wa marubuci ba. Amsoshinsu za su zama madogara ga mai rubuta tarihin wannan zamani nan gaba.